Ba ƙusar ba ce ta kashe tayata

Yau ina son in ba ku labarin abin da ya same ni a hanyar Damagaram, ko Allah zai sa wani ya amfana. Labarin taya ne, amma ranar da abin ya faru akwai mutum biyar cikin motar, kuma huɗu daga cikinsu amana ce a wuyana.

A watan Afrilu na 2025 ne, bayan ƙaramar Sallah da ƴan kwanaki, lokacin da bukukuwa ke yawa. Ɗiyar ƙanwata za a aurar a Zinder. Ni malamin lekol ne a Maraɗi, ina da wata tsohuwar Corolla da na saya ta hannu, ita ke kai ni aiki, ita ke kai Inna likita. Muka shirya tafiya, ni da Inna da maiɗakina da yara biyu. But cike da kaya: buhun shinkafa, jarkar mai, akwatuna, da kwanonin da mata suka ce ba a zuwa biki babu su. A aljihuna kuwa akwai ambulan mai jaka 40, gudummawar da na yi wata uku ina tarawa.

Niyyarmu mu tashi bayan asuba. Amma kun san tafiya da iyali. Wannan ya manta wancan, wancan bai gama shiri ba, sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka bar gida. Wanda ya san Afrilu a ƙasarmu ya san me hakan ke nufi. Zafi ya wuce digiri 40, gudron kamar kasko, ga tafiyar kusan kilomita 240 a gabanmu.

Mun wuce Cadawa lafiya, mun wuce Agye. Tsakanin Agye da Gazawa sai na ji bayan motar yana ɗan lilo, kamar wani na jan ta gefen dama. Sannan wata ƙara ta biyo, lap-lap-lap. Na gane taya ce. A nan na yi kuskuren da ya jawo duk abin da ya biyo baya. Wurin babu inuwa ko kaɗan, ga tsohuwa, ga yara. Na hango wani gawo can gaba, na ce a raina bari in lallaɓa in kai gindinsa. Kun san gawo, da rani yake da ganye. Na rage gudu na ci gaba da tafiya a hankali, kusan kilomita biyu, ina ganin dabara na yi.

Da na fito na duba, tayar baya ta dama ta kwanta sarai, tana wari kamar an ƙona roba. Na ce ba komai, ai akwai safaya. Muka sauke buhu, muka sauke akwatuna, na ɗago safayar, na danna ta da hannu sai ta lotsa. Ita ma babu iska. Wallahi na fi shekara ban duba ta ba. Maiɗakina ta dube ni ba ta ce uffan ba, kuma wannan shirun ya fi faɗa ciwo. Inna kuwa ta shimfiɗa zanenta gindin gawo ta ce: "Tsautsayi ba shi wuce ranarshi. Ku ba yaran ga ruwa."

Na karya rassa na jera a kan hanya bayan motar don masu zuwa su gani, na sa duwatsu a sauran tayoyin, na sassauta notina tun motar tana ƙasa, sannan na ɗaga ta da jak na cire tayar. Allah ya kawo wani ɗan kabu-kabu. Muka ɗaure tayoyin biyu, na hau baya na rungume su, sai Gazawa.

Mai facin da ya kai ni wurinsa dattijo ne, ya kai sa'ar mahaifina. Rumfar kara, injin iska, rabin tano cike da baƙin ruwa, da yaro ɗaya mai taya shi aiki. Muka gaisa, ya ji daga ina nake da aikin da nake yi, daga nan ya koma kirana Mushe.

Ya fara da safayar. Ya ba ta iska ya tsoma ta a ruwa, sai ga kumfa na fita ta bawul. Ya canza bawul ɗin, ta riƙe iska. Sannan ya ɗauki wadda ta kwanta, ya jujjuya ta, ya nuna mini kan ƙusa a tsakiyar zanenta, daidai inda ke taka ƙasa. Na ji sanyi a raina, don na san irin wannan hujin ana yi masa faci. Na ce: "Baba, a sa mata mesh kawai mu wuce, iyalina na cikin daji."

Mesh dai shi ne wannan zaren roba mai danƙo, kamar lagwanin fitila, da ake cusawa cikin huji daga waje ba tare da an cire taya daga ƙarfenta ba. Minti biyar an gama, dala ɗari ko jaka ɗaya.

Dattijon bai amsa ba. Ya shafa gefen tayar da tafin hannunsa, ya sunsuna, sannan ya tambaye ni: "Mushe, ka yi tahiya da ita bayan da tac ci iska?"

Na ce ɗan kaɗan ne, inuwa na nema.

Ya ce wa yaronsa ya buɗe ta. Da aka raba ta da ƙarfen, ya zura hannu ciki ya damƙo wani abu ya zuba mini a hannu. Baƙin gari ne, kamar garin gawayi, da ɗumi. Ya juya tayar wajen haske ya nuna mini wani zobe da ya zagaye cikinta gaba ɗaya, inda robar ta goge har zaruruwa sun fara leƙowa.

Ya ce: "Ka ga wanga gari? Naman tayarka ne. Ƙusa huji ɗai ta yi, da nan ka tsaya da na yi maka faci ka tahi Zinder ka komo. Amma ka niƙe ta tsakanin ƙarhe da gudron. Ni ba ni faci nan."

Abin da ya bayyana mini, wanda daga baya na ƙara fahimtarsa, shi ne iska ke ɗaukar nauyin mota, robar riƙe iskar take yi. In iska ta fita, gefen taya sai ya naɗe, ƙarfen ya hau kansa. Duk juyi ɗaya yana lanƙwashewa yana miƙewa, yana ɗaukar zafi, zaruruwan da ke cikin robar suna tsinkewa. Daga waje ba lallai ka ga komai ba. Kana iya toshe hujin, taya ta riƙe iska, ka ga kamar ta warke, alhali ƙashinta ya karye. Sai kana gudu da kaya cikin zafin rana ta tarwatse gaba ɗaya.

Gaskiya ban ji daɗin maganar ba. Zuciyata ta ce dabara ce irin ta ƴan kasuwa, so yake ya sayar mini da taya. Na duba rumfar, ashe ba ya ma sayar da taya. Wani saurayi a rumfar da ke kusa, wanda ya ji duk abin da ake yi, ya matso ya ce shi zai iya: a liƙa faci a ciki, a sa tub, jaka uku, yanzu-yanzu. Ya ce motocin kasuwa nawa ke yawo da irin wannan.

Ba ƙarya ya yi ba, suna yawo. Kuma ba zan ɓoye muku ba, na kusa yarda. Jaka uku da jaka goma sha wani abu ba ɗaya ba ne ga mai albashi irin nawa, ga ambulan ɗin biki da ba na son in taɓa. Na tsaya ina lissafi: saura kilomita ɗari da ƴan kai, in na tafi a hankali ai za ta kai.

Dattijon bai yi gardama da saurayin ba. Abin da ya ce kawai shi ne tub yana riƙe iska amma ba ya ɗinke zaren da ya tsinke, kuma cikin tayar da ya goge zai riƙa cin tub ɗin har ya fashe, in ya fashe kuwa iska a take take fita, ba a hankali ba. Sannan ya dube ni ya ce: "Wa ad da wa cikin motar?"

Na ce mahaifiyata, da iyalina, da yara biyu.

Ya ce: "To, kai ka san abin da ka ɗauko."

Daga nan bai ƙara cewa komai a kai ba. Ya koma kan safayar, ya goge gefenta da tsumma, ya nuna mini wasu lambobi huɗu a cikin wani ɗan zagaye, a ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT. An rubuta 3812. Ya ce ko na san ma'anarsu. Ni da nake koyar da lissafi, ban sani ba. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. Wato an ƙera tayar a sati na 38 na shekarar 2012. Safayata ta haura shekara goma sha biyu, ta girmi ɗana na fari. Zanenta bai cinye ba don ba a aiki da ita, amma gefenta duk ƙananan tsaga ne kamar dugadugin mai kaushi. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, zafi irin namu kuma yana ƙara mata sauri. Manyan kamfanonin taya da kansu suna cewa in ta kai shekara goma a cire ta, ko da zanenta yana da kyau.

Ya ce za ta kai ni Tasawa in na tafi sannu, can zan samu masu sayar da taya. Na biya shi kuɗin bawul da iska, na ƙara masa wani abu ya ƙi karɓa.

Na koma gindin gawo la'asar ta kusa. Na ɗaura safayar, na ɗaure notina ina tsallakawa daga wannan zuwa na ɗaya ɓangaren, na sauke jak na ƙara matse su. Kafin mu tashi na gaya wa Inna gaskiya: ko dai mu koma wurin saurayin a yi facin jaka uku, ko a sayi taya a Tasawa, kuma in za a saya to cikin kuɗin gudummawa za a cira.

Inna ba ta kiran sunana, kun san alkunyar ɗan fari. Ta ce: "Kai wanga, amarya mu ta ka jira ko ambulan? In kuɗɗi sun ragu a yi haƙuri, a cika wata rana. In mutum ya ragu hwa, wa ka cika shi?"

Shi ke nan magana ta ƙare.

Muka kama hanya, ban wuce sittin ba, hannuna biyu a kan sitiyari, kunnena na bayan mota. Manyan motoci na ta wuce mu suna oda. A Tasawa na tambayi kuɗin sabuwa, na ji abin da aka ce, na san ba ta yau ba ce, don da ambulan ɗin kusan duka zai tafi. Mai shagon ya ce komai ya hau tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya sai sun zagayo ta Lome. Sai na juya wajen na hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai.

A nan karatun da dattijo ya ba ni ya yi amfani. Da can in zan sayi taya ta hannu zane kawai nake dubawa, in ya yi zurfi sai in ce madalla. Rannan na tsuguna ina bin su ɗaya-ɗaya ina neman lambobi huɗun nan. Ta farko da aka fito mini da ita an shafe ta da baƙin mai tana ƙyalli, amma 2013 ce. Wata kuma tana da hoton dutse da ƙanƙara a gefenta, wato tayar sanyi ce, an yi robarta da laushi don ƙasashen dusar ƙanƙara, a gudron ɗinmu da sauri take cinyewa. Wata tana da faci babba a gefe ta ciki. Daga ƙarshe na samu mai lamba 1422, shekararta uku, girmanta daidai da nawa, 195/65 R15. Na sa aka buɗe mini cikinta na shafa da hannu, babu gari, babu faci, babu kumburi. Muka yi ciniki ya tsaya a jaka 14. Aka ɗaura, safayar ta koma but.

Mun shiga Zinder bayan isha. An riga an yi wani sashe na hidimar ba mu. Washegari na miƙa wa ƙanwata ambulan mai jaka 25 maimakon 40, don faci da kabu-kabu su ma sun ci nasu. Ta karɓa ta yi godiya, amma na ga fuskarta, na san ta riga ta sa kuɗin a wani lissafi. Na ji kunya, ba zan ce ban ji ba. Sai bayan wata biyu na cika mata sauran. A ƙarshen watan da ya biyo kuma na daure na sayi sababbi biyu na sa a baya, ta Tasawa ta zama safaya, tsohuwar ta 2012 kuwa yanzu tumaki ke shan ruwa a cikinta.

Kada wani ya ɗauka cewa nake faci ba shi da kyau. Tayata ta gaba ta hagu tana da faci kusan shekara biyu, kuma ba ta taɓa ba ni matsala ba. Ƙusa ce ta shiga tsakiyar zanenta a cikin gari, na tsaya nan take, aka cire ta aka liƙa faci daga ciki. Jefar da irin wannan tayar asarar kuɗi ce kawai. Abin da na koya shi ne akwai hujin da ake gyarawa, akwai wanda ba a gyarawa, kuma ba aljihu ke yanke hukuncin ba.

Wanda ake gyarawa shi ne ƙaramin huji, wanda faɗinsa bai wuce milimita 6 ba, a tsakiyar zanen da ke taka ƙasa, kuma ba a yi tafiya da tayar tana kwance ba. Ko shi ɗin ma gyaran kirki sai an cire taya an duba cikinta, an toshe hujin an liƙe shi daga ciki. Mesh daga waje yana fitar da kai daga daji, amma wanda ya sa shi bai ga cikin tayar ba, don haka in ka iso gari ka sa a buɗe a duba.

Wanda ba a gyarawa kuwa shi ne huji ko yanka a gefe ko a kafaɗar taya, don wurin kullum cikin lanƙwasa yake, faci ba ya zama. Haka in ka ga gefen ya kumbura kamar ƙwai, zaruruwa ne suka tsinke a ciki, galibi bayan an faɗa rami da gudu. Haka in an buɗe an ga baƙin gari irin nawa. Haka in zane ya cinye. A cikin ramukan zanen akwai wasu ƴan tudu da aka sa da gangan, tsayinsu milimita 1.6. Ranar da zanen ya yi daidai da su, tayar ta gama aiki, kuma za ka gane haka da ruwan farko na damina lokacin da birki ya ƙi kamawa.

Akwai kuma abin da ban sani ba sai daga baya. Mu da yawa muna sa tayoyi masu kyau a gaba, tsofaffi a baya, wai gaba ke da sitiyari. Masu ƙera taya akasin haka suke cewa: masu kyau su tafi baya. In gaba ta zame kana jin ta a hannunka kana iya gyarawa, in baya ta zame ko ta fashe motar juyawa take yi da kai. In kuma Allah ya kawo fashewar taya kana gudu, kada ka taka birki da ƙarfi. Ka riƙe sitiyari da kyau, ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ka bar motar ta rage gudu sannan ka gangara gefe.

Sai maganar iska. Yawancinmu yaro ne ke buga taya da ƙarfe ya ce ta yi. Alhali adadin da motarka ke buƙata yana rubuce a wata takarda da ke manne a bakin ƙofar direba, har da na lokacin da aka cika ta da kaya. Da safe ake aunawa, taya tana da sanyi. Kuma masu rage iska da rani wai don kada zafi ya fasa taya, ku sani tayar da iskarta ta yi kaɗan ita ta fi ɗaukar zafi, ita ta fi saurin fashewa. A gefen tayata an rubuta 91H. Wannan 91 ɗin yana nufin kilo 615 ne iyakar abin da taya ɗaya za ta ɗauka, kuma sai da cikakkiyar iska. Ku tuna da wannan in ana ɗora buhu na uku a but.

Na san halin da ake ciki. Na san direban da ke jigila tsakanin kasuwannin ƙauye, wanda in bai fita yau ba gidansa ba a ɗora tukunya, ba zai ji wannan magana kamar yadda mai albashi zai ji ta ba. Ban zo in zagi kowa ba, ni ma da ƙyar na tsallake facin jaka uku. Amma duba lambobi huɗu kyauta ne. Danna safaya da hannu kafin tafiya kyauta ne. Tsayawa nan take in taya ta kwanta, ko da cikin rana ne, shi ma kyauta ne, kuma da na yi shi da jaka ɗaya ta ishe ni, da ƙanwata ta karɓi kuɗinta cif. Inuwar gawon nan jaka 14 na saye ta.

Da muke komowa Maraɗi na tsaya a Gazawa na kai wa dattijon goro da sukari. Ya fito ya zagaya motar, ya tsuguna wajen tayar Tasawa, ya goge gefenta da babban yatsa ya karanta lambar. Ya ɗago ya ce: "Mushe ya yi karatu." Sannan ya leƙa ta taga ya gaida Inna.

Yanzu duk ranar Juma'a da safe, kafin in fita, ina zagaya motar in duba ƙafafunta huɗu, farkon wata kuma in buɗe but in duba ta biyar. Wanda ke da mota cikinku, don Allah yau ya fita ya nemi lambobi huɗun nan a tayoyinsa, har da safaya. Wanda ke shiga motar haya shi ma yana da idon da zai duba kafin ya zauna.

Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya kai kowa gidansa lafiya, ya saka wa masu sana'a na gaskiya da alheri. Amin.